Takardar da Muka Buga Gaba da Baya

Litinin, da hantsi

A bayan takardar neman aikin wani bawan Allah nake wannan rubutu, wadda injin ya cinye rabin sunansa. A shagonmu ba a yar da takarda. Injiniya, mijina ke nan, ya ce fuska biyu gare ta, wanda ya mori ɗaya ya jefar ya yi almubazzaranci. Shekara da shekaru muna fotokofi a bakin titin majalisa, ban taɓa samun farar takarda na rubuta ko lambar waya ba. Ba injiniyan komai ba ne, in injin ya tsaya mari yake kai masa, shi ya sa na laƙaba masa sunan. Shi kuma ya rama, yana ce mini Manaja. Ƙanena da ya tashi a hannunmu, mai gyaran waya, unguwa ta sa masa Lauya saboda tsabar gardama. Gida cike da muƙamai, babu mai takardar shaida ko ɗaya.

Garin ba daɗi, shi ya sa nake rubutu. Tun da wasu suka ce wa'adin Shugaba ya cika, wasu suka ce da saura, mutane suka rabu biyu, 'yan Sauka da 'yan Zauna. Jiya a kan wannan magana aka fasa wa mai shayin kwanarmu baki, kuma da butarsa aka fasa.

Talata, bayan azahar

Onarabul ɗin mazaɓarmu ya zo da kansa, da ƙarti biyu a bayansa. Ɗan Zauna ne. Ya ajiye kundin tsarin mulki a kan kanta, sabo fil, ko ledarsa ba a gama cirewa ba. Sai da ya buga waya aka gaya masa shafin, sannan ya buɗe ya ɗora yatsa.

"Wannan za ka buga mini, mai yawa. A raba wa jama'a su ga abin da doka ta ce."

Injiniya ya ɗaga tabarau. "Ranka ya daɗe, shafin nan daga tsakiyar magana ya fara. In haɗa da na gabansa?"

"Kai, buga abin da aka ce ka buga. A kan littafin nan na yi rantsuwa, kai za ka koya mini?"

Ƙartin suka yi dariya, mu ma muka taya su, don ba a ƙin taya irinsu dariya. Layin farko kawai na karanta lokacin da nake jera takardun: "sai dai idan ƙasa tana cikin tarzomar da ta hana zaɓe, majalisa tana iya ƙara masa lokaci." Daga nan wasu sharuɗɗa ne da kotu da kaso kaza na 'yan majalisa, kaina ya ɗau zafi na bari. Na tambayi Injiniya ko ya gane, ya ce shi aikinsa ya buga, ba ya karanta ba.

Laraba, da safe

Lauya ya faɗo shago ko sallama babu, da wani tsohon kundi da ya aro wurin malamin makaranta. Shi ɗan Sauka ne har ɓargo.

"Babban Yaya, wannan shafin za ka buga mana. Yaya, duba ki gani, ga shi ɓaro-ɓaro: babu wanda zai ci gaba da riƙe kujerar Shugaba bayan cikar wa'adinsa. Magana ta ƙare!"

Layin ƙarshe ne a ƙasan shafin. Na ce masa ai waƙafi na gani a ƙarshensa, ba aya ba, ya juya bayan mana. Ya ce baya na 'yan Zauna ne, shi ba zai ɓata idonsa ba. Ganye ɗaya ne fa. Onarabul ya sa an buga bayansa jiya, Lauya ya sa an buga gabansa yau. Injiniya ya kashe mini ido ya ce Allah ya ƙara musu gardama mu samu na cefane. Na yi dariya. Yanzu da nake rubutawa dariyar ba ta yi mini daɗi ba.

Juma'a, da yamma

Sun fara ƙona taya. Hayaƙin ya shigo har ɗakin girki, shanyata duk ta yi baƙi.

Asabar, da rana

Takardunmu sun zama shaidar wucewa. Daga gada zuwa kasuwa 'yan Sauka sun sa shinge, sai ka nuna shafinsu. Daga gidan mai zuwa majalisa na 'yan Zauna ne, sai ka nuna nasu. Yawancin masu tsaron shingen ba karantawa suke ba, fasalin shafin suke dubawa, ɗaya yana da babban kai a sama, ɗayan ba shi da shi.

Mai kemis na kusa da mu ya ce ya ga wani direba ya ruɗe ya zaro wadda ba ita ba. Sun fito da shi ta taga. Ya ce sun yi ta dukansa da gora har gorar ta tsage, wani ya ɗauko dutsen da aka tare hanya da shi. Mai kemis bai ƙarasa ba, ya shiga shago ya yi ta wanke hannu, alhali bai taɓa kowa ba.

Na ce wa Injiniya mu rufe mu zauna a gida. Ya ce, "Manaja, mu wa muka taɓa? Kowa ya zo muna yi masa aiki. Ba mu da ɓangare." Haushi ya kama ni, na ce wanda ba shi da ɓangare ai shi ne ba shi da mai tare masa. Ya ce bakina ya fi injin zafi.

Tsoro nake ji. A kansa nake jin tsoron, don shi bai iya gudu ba kuma bai iya ƙarya ba.

Litinin, da hantsi

An ƙone ofishin 'yan Zauna ƙurmus. Aikin da Onarabul ya ƙara ba mu na biyu yana nan jibge a kwalaye bayan kanta, ba wanda ya zo ɗauka, wayarsa a kashe. An ce ya fitar da iyalinsa tun shekaranjiya.

Hanya a rufe, motar da ke kawo mana takarda ba ta shigo ba. Rim ɗin takarda na ƙarshe muka fasa yau.

A rediyo an haɗa manya biyu, kowa yana cewa tsarin mulki a bayyane yake. Ɗaya ya karanta rabin Lauya, ɗayan ya karanta rabin Onarabul, suka yi ta zagin iyayen juna har aka sa talla. Mai kemis ya ce abin da ke ba shi mamaki, duk tayar da 'yan Sauka suka ƙona ƙara wa 'yan Zauna hujja suke, tunda tarzoma ce sharaɗin. Na ce ya je ya faɗa musu. Ya ce yana da 'ya'ya.

Talata, gab da magariba

Lauya bai kwana gida ba jiya. Ya dawo da kumburi a ido da wata adda a cikin buhu. Na ce ba a gidana ba. Ya ce doka ta ba kowa 'yancin kare kansa. Na ce wane sashe? Ya faɗi wata lamba, na san ƙirƙirarta ya yi, don tun yana yaro in zai yi ƙarya hancinsa yake shafawa.

Injiniya ya tura masa kwanon abincinsa. Haka yake yi tun ranar da mahaifinmu ya rasu ya ɗauko shi a kafaɗa ya kawo shi gidan nan.

Laraba, bayan la'asar

Lauya ya zo da wani dogo mai tabo a wuya, shi ne shugabansu na shingen gada. Gobe za su yi babban gangami zuwa majalisa, suna so kowa ya ɗaga shafin a hannu. Injiniya ya ce ba takarda. Dogon ya ɗora addarsa a kan gilashin injin, a hankali, ya ce a nemo. Suka ce da sassafe Lauya zai zo ɗauka.

Da suka fita Injiniya ya yi ta zagaye shagon yana sosa ƙeya. Can idonsa ya sauka a kan kwalayen Onarabul. Na ga fuskarsa ta washe yadda take yi in ya tsinci ƙusa a hanya.

"Manaja, ga takarda nan zube muna nema! Bayansu fari tas."

Na ce anya? Ya ce mene ne a ciki, ai abin da muke yi ke nan kullum. "Ganye ɗaya ne a littafin ma. Mun mayar da shi yadda yake. Wanda ya ga dama ya juya ya karanta sauran, mun yi masa gyara kyauta."

Wallahi a lokacin maganar ta shige ni. Ni na riƙa juya takardun ina miƙa masa, shi yana sa wa injin, muna hira, har yana waƙa da muryarsa mai kama da ta janareto. Mai kemis ya leƙo ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya ce wannan ai ta wuce kowane shinge, a ba shi biyu. Muka yi ta dariya mu uku.

Alhamis, da safe

Lauya ya kwashi kwalayen a gurguje, ko buɗewa bai yi ba. Na bi shi da burodi, bai waiwayo ba.

Alhamis, da rana

Ana jin harbi daga wajen majalisa. Barkonon tsohuwa har nan. Injiniya ya ce bari ya je ya rufe injin da bargo saboda ƙura. Zan bi shi.

Asabar, da hantsi, a asibiti

Ban ga kowa ba. Haka na gaya wa ɗan sandan da ya zo da safe, haka zan gaya wa duk wanda ya tambaya.

A bayan takardar magani nake rubutu.

Muna cikin shago muka ji su. Ba ihu irin na kullum ba, wannan sunan sana'armu suke kira. Mai fotokofi! Munafuki! Ɗan leƙen asiri! Daga baya mai kemis ya gaya mini yadda aka yi. A tsakiyar gangami, da suka ɗaga takardun sama, na baya suka hangi shafin 'yan Zauna a hannun na gaba. Aka ce an shigo da maƙiya cikin sahu. Suka far wa juna kafin a gane, an sari mutum uku, ɗaya yaron dogon nan ne. Sai aka koma tambayar wa ya kawo takardun, daga ina.

Injiniya ya tura ni ƙarƙashin kanta ya ja kwali ya rufe. Ya buɗe ƙofar da kansa, wai zai yi musu bayani. Na ji yana cewa, "Ku tsaya, 'yan'uwa, takarda ce ta ƙare. Ku karanta mana, magana ɗaya ce, daga nan ta fara ta ƙare a nan." Ya ɗaga takardar yana juya musu ita.

Gorar farko a hannun ta same shi. Na ji ƙarar ƙashin. Suka ja shi waje ta ƙafa, kansa yana bugun dakali. Ta tsagar kanta nake gani. Sun kewaye shi, ƙafafu kawai da gorori suna hawa suna sauka, wani yana dukansa da murfin injin da suka ɓalle. Dogon ya durƙusa a ƙirjinsa, ya dunƙule takardun yana cusa masa a baki, yana cewa ci, ci dokar taka, ci gaba da bayanta. Yana cusawa yana turawa da ƙotar adda. Haƙoransa na gaba a kan dakalin na tsince su.

Ban fito ba. Ina ji ina gani ban fito ba. Sai da jiniya ta taso suka watse.

Da yatsana na riƙa zaro takardun daga bakinsa kafin numfashi ya dawo. Ta ƙarshen ta fito kusan a cike, jiƙe. Ban san dalili ba na sa ta a jaka.

Ban ga kowa ba.

Lahadi, da rana

An ƙara masa jini. Likita ya ce kan ne abin dubawa, ba hannun ba. Ɗakin cike yake, har ƙasa an shimfiɗa mutane, ɗan Sauka kusa da ɗan Zauna, fo ɗaya ake zagayawa da shi.

Litinin, da safe

Ya buɗe ido ɗaya. Bakin a kumbure, sai na kai kunne.

"Manaja, injin fa?"

Na ce lafiyarsa ƙalau. Sun farfasa shi, har tawadar sun zazzage a titi, amma na ce lafiyarsa ƙalau.

"Lauya ya ci abinci?"

Na tashi na fita baranda. Na daɗe a can.

Talata, bayan azahar

Ban ga kowa ba, na faɗa na sake faɗa. Amma rigar da ke gaban taron, mai hannun da ya nuna ƙofarmu, ni na wanke ta ranar Asabar kafin abin ya faru, ni na ɗinke mata aljihu da baƙin zare don ba ni da shuɗi.

Mai kemis ya ce in yi wa Lauya uzuri. Wai sun riga sun sa masa taya a wuya, sun ce ko ya nuna wanda ya buga ko a kyasta ashana. Ya ce bai ɗaga hannu ya doki kowa ba, yana gefe yana kuka. Na ce na ji. Ban tambaye ka ba, amma na ji.

Yau Lauyan ya zo. Bai shigo ba, ya tsaya ta tagar ɗakin yana leƙe, ya rame kamar an tsotse shi. Na fita.

"Yaya..."

"Wane sashe ne?" na ce masa. "Gaya mini lambar. Kai da ka san doka."

Ya durƙusa a kan tsakuwa ya kama ƙafata. Na so in shure shi, na so in rungume shi, duka biyun da gaske. Na zare ƙafata na koma ciki. Injiniya ya tambayi wa nake magana da shi, na ce mai shara ne.

Laraba, da yamma

Yau jikin Injiniya ya fi jiya. Ya sha ruwan shayi cokali kaɗan. Ya ga ina rubutu ya ce a kan me? Na juya masa ya ga takardar magani ce. Ya yi murmushi da bakin nan nasa babu haƙora, ya ce, "Kin koyu."

Na ce ba koyuwa ba ce, rowarka ce ta bi ni har asibiti. Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi.

Alhamis, da hantsi

Tun asuba bai farka ba. Nas ta ce in riƙa yi masa magana, yana ji. Na ba shi labarin duk wanda ya taɓa kawo mana aiki ya ce a gyara masa shekarun haihuwa. Na ƙare na sake farowa.

Juma'a

Na dawo gida ni kaɗai, da bargonsa da filas ɗin shayinsa.

Lahadi, da rana

Mutane suna ta shigowa suna fita. Tabarmi sun ƙare, an aro na maƙwabta. Tabaransa yana kan rediyo inda na ajiye, ido ɗaya a fashe, kowa ya zo sai ya kalle shi ya kawar da kai.

Lauya yana waje tare da maza, shi ke zuba ruwa a buta. Ba wanda ya san komai sai mai kemis. Ban kore shi ba, ban kuma kalle shi ba.

Laraba, da yamma

An sasanta. A talabijin na gani, manyan Sauka da manyan Zauna a kan dogon tebur, suna rungumar juna, ana ɗaukar hoto. Wani mai furfura ya karanta sashen tun daga farko har ƙarshe, bai kai minti ɗaya ba, aka yi tafi. Suka ce dama tsarin mulki a bayyane yake, rashin fahimtar jama'a ne ya kawo abin da ya faru.

Jama'a. Na kashe talabijin ɗin da ƙarfi har maɓallin ya faɗo.

Asabar, bayan la'asar

Onarabul ya zo gaisuwa, ya yi ƙiba. Ya zauna a kujerar Injiniya ba wanda ya ba shi. Ya yi addu'a mai tsawo, ya ce mamacin mutumin kirki ne, ba ruwansa da siyasa. Sannan ya gyara zama.

"Hajiya, yanzu an sa ni cikin kwamitin wayar da kan jama'a. In kin buɗe shago akwai aiki babba, ke za mu ba, don a taimaka. Sashen nan za a buga a raba gida-gida. Amma wannan karon gaba da baya, cikakke, don talaka ya daina yi wa doka karatun rabi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai an riga an buga."

Na shiga ɗaki na buɗe jakar. Ta bushe ta yi tauri, ta koma ruwan ƙasa, ga sawun haƙora a gefe. Na warware ta a hankali na ɗora masa a gwiwa, a kan farar shaddarsa.

"Ga samfur. Bayan naka ne, kai ka kawo. Gaban na ƙanena ne. Daga bakinsa na ciro ta. Karanta mana, ranka ya daɗe, tunda a kanta ka yi rantsuwa."

Bai taɓa ta ba. Ya yi ta kallon ƙartinsa, su kuma suna kallon silin. Ya miƙe a hankali don ta zame da kanta, ta faɗi a tabarma, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya fita har yana barin takalmi ɗaya a baya sai da aka bi shi da shi.

Lauya yana bakin ƙofa, ya ji komai. Ya shigo ya ɗauki takardar da hannu biyu. Ya karanta gaban. Ya juya ya karanta bayan, leɓensa yana motsi, har ƙasa. Bai faɗi lambar komai ba.

Litinin, da hantsi

Hanya ta buɗe. Motar takarda ta kawo odar da ya yi tun kafin a rufe, direban ya sauke a gida don shagon ba ƙofa. Ya tambayi ina Injiniya, mai kemis ya ja shi gefe.

Na fasa rim ɗaya na zaro wannan. Fara ce tas, gaba da baya, ban taɓa rubutu a kan irinta ba. Layi kaɗan na yi, kuma ba zan juya ta ba, haka zan bar bayan.

Na ajiye ta a kan tebur inda zai gani. Tun ɗazu nake zaune ina jira a yi mini faɗa.